Boilar shirin ECO4: ku da aka sa wa, yaya taku ta kasance?

Maman 'yan biyu, Bradford

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon duk wanda aka sauya wa boila, wato injin ɗumama gida da dafa ruwan zafi, a ƙarƙashin shirin nan na ECO4 na gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi a nan Birtaniya, ya faɗa mana yadda tasa ta kasance, don tamu ta hana mu sakat.

Gidan namu ne, irin tsofaffin gidajen dutsen nan da ke jere manne da juna. Boilar da muka tarar ta haura shekara 20, da tankinta na ruwan zafi a cikin kabad ɗin sama. Gaskiya tana shan gas, amma ba ta taɓa kwanar da mu cikin sanyi ba. Farkon shigowar sanyi wani saurayi ya ƙwanƙwasa ƙofa da katin aiki rataye a wuya. Ya ce tunda muna karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit, kuma takardar EPC, mai nuna yadda gida ke cin makamashi, ta sa gidan kan harafin E, za a sa mana sabuwa ba ko sisi. Maigida ya sa hannu a fuskar wata 'yar kwamfutar hannu, aka ɗauki hoton takardunmu. Bayan mako uku ma'aikata uku suka zo, suka cire tsohuwar da tankin, suka ƙara audugar tare sanyi a saman silin, suka kafa sabuwa a kicin. Kafin la'asar sun tattara sun tafi.

Tun daga ranar, duk bayan kwana biyu allurar matsin ruwa sai ta faɗi ƙasa, boilar ta ɗauke. Sai na buɗe 'yan famfunan da ke ƙarƙashinta na ƙara ruwa. Shekaranjiya da asuba na tashi yi wa yara wankan makaranta, ruwa kamar ƙanƙara, sai da na ɗora tukunya. Yanzu kuma ga tabon laima ya fito a silin falo, faɗinsa ya kai faifai, kullum ƙaruwa yake. Na kira lambar saurayin, ya ce shi nasa kawo mutane ne kawai. Kamfanin da ya turo ma'aikatan sun ce za su zo, yau mako biyu kamar an shuka dusa. Takarda ko ɗaya ba su bar mana ba sai ɗan littafin boilar. Ina zan dosa?

Mai aikin gas, Manchester

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da wannan ɗawainiya. Aikina ke nan shekara da shekaru, kuma irin gidanki na shiga ba sau ɗaya ba bayan an yi wannan aikin.

Tsohon tsarinki buɗaɗɗe ne, ruwan hita yana gangarowa ne daga wani ƙaramin tanki a saman rufi, babu matsi mai ƙarfi a cikin bututun. Sabuwar da aka sa miki, wadda ake kira kombi, rufaffen tsari ce, ana cika ta da matsi tsakanin 1 zuwa 1.5 a ma'aunin idan tana sanye. To bututu da bakin radiyetan da suka yi shekara talatin suna zaune lafiya, rana ɗaya aka ɗora musu matsin da ba su saba ba. Duk inda yake da rauni nan zai fara tsiyaya. Tabon silin ɗinki shi ne ruwan da kike ƙarawa. Kuma ƙara ruwan kullum yana da tasa illar, don sabon ruwa yana shigo da iska, yana tsinka maganin hana tsatsa da ake zubawa a ciki.

Mai aikin kirki zai gaya miki wannan kafin ya taɓa komai, ya wanke bututun ya fitar da baƙar lakar da ta taru, ya sa matattara mai maganaɗisu, sannan ya gwada matsin ya tsaya ya gani. Wannan duka da wuya ya yiwu tsakanin hantsi da la'asar, har da aikin saman silin.

Ki buɗe ɗan littafin da suka bari, ki duba shafukan ƙarshe. Akwai fom da ake kira Benchmark, wanda ya kafa boilar dole ya cike shi, da sunansa da lambar rajistarsa ta Gas Safe, wato rajistar masu aikin gas da doka ta yarje wa. Ki faɗa mana ko an cike.

Maman 'yan biyu, Bradford

Malam, na duba. Fari fat, ko ɗigon biro babu.

Mai aikin gas, Manchester

To nan ne babbar matsalar, ta ma fi yoyon. Ba tare da wannan fom ba, masu ƙera boila suna iya ƙin amincewa da garanti, kuma da yawansu suna so a yi wa boila rajista cikin kwana 30 da kafawa. Sannan doka ta ce a sanar da aikin ta hannun Gas Safe Register cikin kwana 30, a aiko miki da takardar shaidar cika ƙa'idar gini. Ran da za ku sayar da gidan sai lauyan mai saye ya nemi wannan takarda. Ki kira Gas Safe da adireshinki ki tambaya ko an sanar da su. Idan kina shakkar lafiyar aikin, suna turo mai dubawa ba tare da kin biya ba. Ki kuma rubuta wa kamfanin imel yau ɗin nan, da hoton tabon da hoton fom ɗin. Ki daina dogara da waya, maganar waya ba ta da shaida.

Dattijo mai ritaya, Birmingham

'Yata, Allah ya kawo sauƙi. Ni tawa an sa ta ne a 2021, a zangon da ya gabaci wannan, wato ECO3, saboda ina karɓar tallafin 'yan fansho na Pension Credit. Shekarar farko ban ga aibunta ba. Sai sanyin Disamban 2022 ya zo, wanda duk wanda ke ƙasar nan a lokacin ba zai manta ba. Na tashi sallar asuba, gida ya yi tsit, radiyeta sanyi ƙalau, boila kuma tana wani ƙugi kamar mai kurkure baki. Iyalina tana fama da ciwon gwiwa, sanyi ba ya yi mata daɗi ko kaɗan. Muka zauna a falo da barguna biyu-biyu da 'yar hitar lantarki guda, ina kallon tururin bakinmu a cikin ɗaki.

Kwana biyu muna haka. Na kira waɗanda suka kafa ta, lambar ma ta daina shiga, daga baya na ji kamfanin ya rufe. Maƙwabcina, wani Bature tsohon mai gyaran famfo, shi ya leƙo ya ga abin. Ya ja ni bayan gida ya nuna mini wani siririn farin bututun roba da ya fito daga bango, ya bi jikin ginin kusan taku huɗu kafin ya shiga magudana. Ya ce boilolin yanzu suna fitar da ruwa kaɗan-kaɗan ta nan, to ruwan ne ya daskare ya toshe hanya, boila ta kashe kanta. Ya ɗauko buta da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ya riƙa tsiyayawa a jikin bututun. Sai ga ƙanƙara ta zubo doguwa kamar kara. Ya danna maɓalli, wuta ta kama.

Ya ce da tun farko an bi da bututun ta cikin gida zuwa magudanar kicin, ko an sa mai kauri an naɗe shi, da ba mu sha wannan wahala ba. Da bazara na biya daga aljihuna aka gyara. Ku fita ku duba bayan gidajenku tun sanyi bai tsananta ba.

Ma'aikaciyar kula da tsofaffi, Leeds

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya ba Mama sauƙi.

Ni tawa daban ce, don haya nake yi, kuma na san yawancinmu da muka shigo 'yan shekarun nan haya muke. Boilar gidan ta mutu a watan Janairu. Na kira mai gidan, ya ce na yi haƙuri yana nema mana ta gwamnati, na turo masa takardun tallafin da nake karɓa. Na ce masa bizar aiki gare ni, a jikinta an rubuta ba ni da damar karɓar irin wannan tallafi. Ya ce to na tambayi ƙawayena. Kwana tara muna jira, ina dawowa daga aikin dare ina dafa ruwa a kettle ina juyewa a bokiti, ɗana ɗan shekara huɗu yana kwana da rigar sanyi da hula.

Sai wata abokiyar aikina ta raka ni ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara kyauta. A nan na ji cewa gyaran hita da ruwan zafi nauyi ne a kan mai gida, sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya faɗa ƙarara, kuma a ECO4 ba a sauya wa gidan hayan ɗan kasuwa boilar da ta lalace, don an ɗauka wannan aikinsa ne. Suka taimaka mini na rubuta masa wasiƙa, na ce idan ba a gyara ba zan kai wa sashen kula da gidaje na kansul. Kwana biyu da wasiƙar aka kafa sabuwa da kuɗinsa.

'Yan'uwa masu haya, kada a ce muku ku jira wani shiri. Kuma duk shekara sai mai gida ya sa an duba gas ya ba ku kwafin takardar.

Direban tasi, Leicester

Tawa ba ta lalace ba, amma ba ta dace da gidana ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Mu takwas ne, banɗaki biyu. Da can da tankin nan, ruwan zafi yana taruwa cikin dare, da safe kowa ya samu. Yanzu kombi ce, tana dafa ruwan ne lokacin da ka buɗe famfo. Idan babban ɗana yana wanka a sama, uwargida ta buɗe famfon kicin za ta wanke tukunya, sai ka ji ihu daga banɗaki. Ranar Juma'a sai mun bi layi. Da azumi kuwa, bayan buɗa baki ga wanke-wanke ga masu shirin tarawihi, abin ba daɗi.

Da na kawo wani injiniya da kuɗina, ya ce ƙarfin boilar na gida mai banɗaki ɗaya ne, kuma sun bar tsohon bututun gas mai milimita 15 inda ya kamata a ja mai 22, shi ya sa ba ta samun isasshen gas idan aka kunna murhu tare da ita. Tankina kuwa na jan ƙarfe ne, sun ɗauke shi a motarsu, ban ma yi tunanin tambaya ba. Da na sani da na ce a sa mini irin boilar da ke aiki da tanki. Wanda bai riga ya sa hannu ba, ya zaunar da mai auna gidan ya ƙirga masa mutane da banɗakuna.

Ɗan'uwanku a Luton

Jama'a mu ji tsoron Allah. Boila da kafawa ta kai fam dubu biyu zuwa uku. An ba ka kyauta, sai kuma a zo ana ta ƙorafi? Ba a raina kyauta. A gida wa zai ba ka ko ashana?

Malamar lissafi, Sheffield

Ɗan'uwa, na fahimci abin da kake nufi, godiya hali ne mai kyau. Amma ka san daga ina kuɗin yake fitowa? Ba daga baitulmalin gwamnati ba. Tun 2013 da aka fara ECO, gwamnati ce ta ɗora wa manyan kamfanonin gas da lantarki wajibcin gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi, hukumar Ofgem tana sa ido, su kuma kamfanonin suka riƙa mayar da kuɗin ta kan takardar biyan wutar kowa. Kenan da ni da kai da Maman 'yan biyu duk mun zuba a ciki. Kuma ma'aikatan an biya su cif. Wanda aka biya ya yi aiki, a gidan mutum na kansa, ai ba rainin kyauta ba ne idan an ce ya gyara ɓarnar da ya yi.

Abin da ke rikita mutane shi ne yawan hannuwa. Mai ƙwanƙwasa ƙofa daban, mai auna gida daban, mai tsara aikin daban, kamfanin da ya karɓi kwangila daban, sau da yawa ma yaran da suka zo kafawa wasu ne aka ɗauko. Shi ya sa kowa yake tura ka wajen wani.

Ni tawa ta yi kyau, alhamdu lillahi, kuma zan faɗi yadda na bi. Ban saurari masu ƙofa ba. Ta kansul ɗinmu na nema, a hanyar da ake kira LA Flex, wadda a lokacin ba sai kana karɓar tallafi ba, in dai kuɗin shigar gidan gaba ɗaya bai kai fam 31,000 a shekara ba. Na ɗau wata biyar ina jira. Kafin a fara na shiga shafin TrustMark, tsarin da gwamnati ta amince da shi na tantance kamfanonin gyaran gida, na tabbatar kamfanin yana da rajista, don aikin ECO4 dole ya bi ta hannunsu. Ranar aiki na nemi injiniyan ya nuna mini katinsa na Gas Safe, na juya bayansa na ga an rubuta boila cikin ayyukan da aka yarje masa. Kwana biyu suka yi. Da suka miƙo mini takardar "an kammala lafiya", na ce sai na ga kowace radiyeta ta yi zafi daga sama har ƙasa. Guda biyu ba su yi ba, suka sake zama. Wannan sa hannun na ƙarshe da shi suke karɓar kuɗinsu, to shi ne kaɗai abin da ke hannunka.

Maman 'yan biyu, cikin takardun da ya kamata a ba ki har da ta inshorar garanti, wadda ke tsaya miki ko da kamfanin ya rushe kamar na Baba. Ki nemi ta da sunanta.

Uwar marayu, Oldham

Malama, da na same ki shekara biyu da suka wuce.

Ni boila na nema, don tawa tana ta ɗaukewa. Suka ce shirin yanzu ba ya ba da boila ita kaɗai, gida ake ɗauka gaba ɗaya, sai an ɗaga harafin EPC ɗinsa. Wannan gaskiya ne, na tabbatar daga baya. Suka manna allunan tare sanyi a bangon ɗakuna ta ciki, suka sa boilar. Ɗakunan suka ɗan ragu, ban damu ba. Sanyin farko gida ya yi ɗumi, na yi ta sa musu albarka.

Sanyi na biyu na ja gadon 'yata zan yi shara, sai na ga baƙar fumfuna ta cinye kusurwar bango daga ƙasa har kusan gwiwata. Na buɗe wadirob, atamfofina na biki da na zo da su daga gida sun yi tabo, suna warin laima. Yarinyar kuma dama tana da asma, a wannan sanyin sau uku muna zuwa asibiti. Ashe idan an toshe bango dole a buɗe wa gida hanyar shan iska. Fankar da suka sa a banɗaki ba a ma haɗa ta da wuta ba.

Na daɗe ina zargin kaina, ina cewa ko girkina ne, ko shanyar da nake yi a ɗaki. Sai a Oktoban 2025 ofishin binciken kuɗin gwamnati, wato NAO, ya fitar da rahoto cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka yi wa rufin bango ta waje a ECO4 da wani shiri makamancinsa suna buƙatar gyara, na ciki irin nawa kuma kashi 29. Tun a Janairun shekarar ma an dakatar da kamfanoni 39. Da na karanta na yi kuka, don na san ba laifina ba ne. An zo an duba nawa, an yarda aikin bai yi ba, kuma an ce gyaran ba a kaina yake ba. An ɓalle bangon ɗaki ɗaya, saura biyu. 'Yata tana kwana a ɗakina har yanzu.

Mai aikin gas, Manchester

Subhanallahi. Allah ya ba yarinya lafiya, Hajiya.

Bari na ƙara abu guda da ya fi duk waɗannan haɗari. Na taɓa shiga wani gida da aka yi irin wannan aikin gaggawa, na tarar bututun hayaƙin boilar bai zauna daidai a mahaɗarsa ba, ramin bangon ma ba a toshe ba. Matar gidan tana ta ciwon kai da jiri, tana cewa gajiya ce. Iskar gubar da ke tsiyaya daga nan, wato carbon monoxide, ita ce dai wadda ke kashe mutane a gida lokacin hunturu idan an kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Kowa ya tabbatar akwai ƙararrawar gano ta kusa da boila, ya danna maɓallin gwaji ya ji ta yi ƙara. Idan ta yi kuka da kanta, ko kun ji warin gas, a buɗe tagogi, a fita waje, a kira 0800 111 999.

Masu tambayata ta akwatin sirri game da tallafin fam 7,500: wannan wani shiri ne daban, Boiler Upgrade Scheme, na Ingila da Wales. Ba ya biyan boilar gas, na injin da ke jawo ɗumi daga iskar waje ne, mai aiki da lantarki. Injin yana da kyau a gidan da ba ya zubar da ɗumi kuma aka sa masa manyan radiyetoci, amma ba a kunna shi a kashe kamar boila, a hankali yake ɗumama gida. Mai mitar kati ya yi lissafi sosai kafin ya yarda.

Maman 'yan biyu, Bradford

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba, na fita bayan gida na duba, namu bututun ma a waje yake tsirara, na sa shi cikin ƙorafin.

Na kira Gas Safe kamar yadda Malam ya ce, ba su ga sanarwar aiki a adireshinmu ba, sun buɗe mini fayil. Na tura wa kamfanin imel da hotuna, na rubuta cewa idan ban ji daga gare su cikin mako guda ba zan kai maganar TrustMark. Washegari da safe suka kira. Jiya wani dattijon injiniya ya zo, ba cikin na farko ba. Ya ɗaga katakon ɗakin yara, ga mahaɗar bututu tana ɗiga a kan silin falo, ƙurar wajen ta zama taɓo. Ya sauya ta, ya cike fom ɗin a gabana, na ɗauki hoton katinsa gaba da baya. Ya ce ruwan da ya fito daga radiyeta baƙi ne wuluk, ba a wanke bututun ba, zai rubuta a dawo a yi.

Allurar tana kan 1.2 tun jiya da yamma, ban ƙara ruwa ba. Saura wankin bututun, da takardar inshorar, da wanda zai biya gyaran silin, don a kan wannan har yanzu ba su ce komai ba. Malama, idan kina da kwafin taki takardar inshorar, ki rufe sunanki ki turo mini hotonta na ga kamanninta, kada a miƙo mini wata daban.